Bidiyon biki ya koma 1970, fim ya fito da sunan wani: ina gyaran yake tafiya?

Wata Hajiya daga Marwa ta aiko mini da tambaya ta hannun ɗanta. Tana da bidiyoyin iyali na sama da shekara goma: bukukuwan aure, suna, saukar karatu, aikin Hajjin maigidanta, ga kuma fina-finan da aka tura mata a kasuwa. A kwamfuta jerinsu daban, a waya duk sun taru a rana guda kamar jiya aka ɗauke su, a talabijin kuwa wasu sun koma 1970, wasu fina-finan kuma suna fitowa da sunan da ba ita ta sa ba. Ɗanta ya kwana biyu yana gyara sunaye a kwamfuta, da aka kai diskin talabijin sai aka ga ba abin da ya canja. Tana so ta san ina gyaran yake tafiya, kuma yaya za a yi na'urorin gidan su tsaya a kan magana ɗaya.

Hajiya, ranki ya daɗe, ina gaisuwa, ina gaida mutanen gida. Aikina ɗaukar bidiyon biki da tacewa a nan Garwa, kuma wannan ciwon kan da kika kawo na sha shi a kan kayana kafin in fara yi wa wasu maganinsa. Ki ce wa yaron ya kwantar da hankalinsa, aikinsa bai ɓata ba. Ya rubuta ne a wurin da talabijin ba ta dubawa.

Ki ɗauki bidiyo kamar buhun masara da za a aika Kusuri. Akwai sunan da aka rubuta a jikin buhun, wanda kowa zai gani: wannan shi ne sunan fayil. Akwai kwanan watan da 'yan tasha suke rubutawa duk sanda aka yi lodi ko aka sauke: wannan ita ce ranar da kwamfuta ko waya take liƙa wa fayil, kuma ba ta da amana, domin tana bin tafiya ne. Akwai takardar da mai kaya ya cusa a cikin buhun kafin a ɗinke bakinsa: su ne bayanan da kyamara ta rubuta a cikin fayil ɗin kansa, kamar ranar ɗauka, take, da harshen muryar da ke ciki. Sannan akwai littafin dillali, wanda ba ya bin buhun ko'ina, yana nan a rumfarsa: wannan shi ne abin da manhajar tara bidiyo da hotuna irin su Kodi, Plex ko Google Photos take ajiyewa a nata kundin. Duka huɗun su ake kira metadata, ni kuma ina ce musu bayanan rakiya. Kowace na'ura da wanda ta fi yarda da shi. Kwamfutarki tana karanta jikin buhu, wayarki tana duba rubutun tasha idan ba ta samu takardar ciki ba, manhajar kallon bidiyo ta VLC kuma da wasu talabijin takardar ciki suke fifitawa.

Bari in fara da sunan da ba ke kika sa ba, domin shi ya fi sauƙi. Masu ɗora fina-finai a intanet suna cusa sunan shafinsu ko na shagonsu a gurbin take na cikin fayil. Kin canja sunan waje, na ciki yana nan daram, shi ya sa da zarar fim ya fara sai wancan ya fito a ƙasan allo. Shawarata kada a wahala da rubuta sabon take a ciki, a goge gurbin kawai. Idan gurbin babu komai, dole manhaja ta koma ga sunan fayil, kin ga abin kula ya ragu zuwa ɗaya. Ga fayil na MP4 ko MOV, manhajar ExifTool ta Phil Harvey, wadda kyauta ce kuma tana nan tun 2003, tana yin wannan da layi guda:

exiftool -Title= -ext mp4 Finafinai

Za ta bi duk MP4 ɗin da ke cikin foldar da aka ambata a ƙarshen layin, a nan Finafinai, ta kuma bar tsohon kowane fayil da ƙarin kalmar _original a ƙarshen sunansa, saboda haka a tabbata akwai wuri a diski, domin komai zai ninka. ExifTool ba ta rubutu a cikin bidiyo mai fasalin MKV ko AVI, karantawa kawai take yi. Ga MKV sai a nemi MKVToolNix, a yi amfani da mkvpropedit:

mkvpropedit fim.mkv --edit info --delete title

Wannan ko daƙiƙa biyu ba ya ɗauka, domin kan fayil ɗin kawai yake taɓawa. Da shi kuma ake gyara fim ɗin da kullum yake farawa da muryar Turanci alhali akwai ta Faransanci ko ta Larabci a ciki: a nuna masa wace murya ce ta farko, a kuma sa mata alamar harshe, hau ga Hausa, ful ga Fillanci, ara ga Larabci, fre ga Faransanci. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne a zuba bidiyon a manhajar sauya fasali don kawai a canja suna. Sauya fasali yana sake matse hoton, kowane zagaye yana cin ingancinsa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa: kwanan wata.

Bidiyoyin da suka taru a rana guda a wayarki, kusan duka hanya biyu suka biyo. Ta farko WhatsApp. Idan aka aika bidiyo ta hanyar da kowa ya saba, WhatsApp yana matse shi, yana zubar da takardar ciki, ya ba shi sabon suna irin VID-20230415-WA0003.mp4. Kwanan watan da ke cikin wannan sunan ranar da bidiyon ya shigo wayar ne. Idan ƙanwarki ta tura miki bidiyon sunan da aka yi a 2017 a watan jiya, to a idon waya watan jiya aka yi sunan. Wanda yake son ainihin fayil ya iso yadda yake, sai ya aika shi a matsayin takarda, wato Document, ko da yake hakan ya fi cin data. Hanya ta biyu kwafa daga na'ura zuwa na'ura. A Windows, idan aka kwafi fayil zuwa wani diski, ranar ƙirƙira takan koma ranar da aka kwafa, ranar gyara ta ƙarshe ce take tsira. Wasu manhajojin turi tsakanin wayoyi kuma duka biyun suke sabuntawa. Ranar da aka sayi sabuwar waya aka kwashe kayan tsohuwar, ranar ce komai yake komawa.

1970 kuwa ba aljanu ba ne. Na'urorin Android da danginsu suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970. Idan gurbin ya zama sifiri, wannan ranar za ki gani. Fayilolin MP4 da MOV nasu ƙirgen daga 1904 yake farawa, katin memori mai tsarin FAT32 kuma daga 1980. Duk sanda kika ga ɗaya daga cikin waɗannan shekaru uku, ma'anarsa gurbin fanko ne. A wajenmu akwai abin da yake ƙara jawo wannan: ƙananan akwatunan talabijin masu Android da yawa ba su da batirin riƙe agogo. Da an ɗauke wuta agogonsu ya tafi, idan ta dawo kuma babu intanet, sai su ci gaba da ƙirge daga wata tsohuwar rana, duk abin da aka ajiye a cikinsu a wannan tsakanin da ita zai tafi. Tsohuwar kyamarar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu haka take yi, ta koma ranar da kamfani ya sa mata.

Kafin a gyara komai a fara duba abin da yake ciki:

exiftool -time:all -a -G1 -s bidiyo.mp4

Zai jero duk lokutan da fayil ɗin yake ɗauke da su, da inda kowanne yake zaune. Wanda ake nema shi ne CreateDate na rukunin QuickTime. Idan ya yi daidai da ranar bikin, an huta, sai a kwafe shi zuwa waje. Idan sifiri ne amma sunan fayil irin na kyamarar waya ne, kamar VID_20190608_163012.mp4 da wayoyin Android da yawa suke bayarwa, to ranar da awar suna nan cikin sunan, sai a mayar da su ciki:

exiftool -api QuickTimeUTC "-QuickTime:CreateDate<FileName" -ext mp4 Bukukuwa

Kada a yi wannan a kan fayilolin WhatsApp, lambar da ke bayan WA ba lokaci ba ce, za ta haifar da shirme.

Waccan kalmar QuickTimeUTC da na sa, akwai dalili. Ƙa'idar MP4 ta ce a rubuta lokaci da agogon duniya, wato GMT, mu kuma a Kamaru da Cadi da Najeriya da Nijar muna gaba da shi da awa ɗaya. Wayoyi suna bin ƙa'idar, kyamarori da yawa kuma ba sa bi, agogon gari suke rubutawa kai tsaye. Sakamakon shi ne a biki ɗaya, abin da aka ɗauka da waya da wanda aka ɗauka da kyamara su saɓa da awa guda, ki ga an kai amarya kafin a ɗaura aure. Bidiyon da aka ɗauka sha biyu da rabi na dare kuma sai ya faɗa ranar jiya. Bidiyoyin Hajjin Alhaji ma za su nuna irin wannan, domin Makka tana gaba da mu da awa biyu: abin da aka ɗauka bayan sallar Asuba a Mina zai iya fitowa a kwamfutar gida da ƙarfe uku da wani abu na dare. Wannan ba kuskure ba ne, lokacinmu ne na nan a daidai wannan sa'ar, ni ba na taɓa shi.

Akwai wani tarko da ya fi yawa a ɓangarenmu, wanda ban cika jin ana faɗa ba. Kwamfutocin gwanjo da suke zuwa mana daga Faransa da Beljiyam, sau da yawa a kan yankin lokacin Paris suke. A lokacin sanyi agogon Paris daidai yake da namu, babu wanda zai lura. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris sai Turai ta ƙara awa ɗaya, kwamfutar ma ta ƙara, mai ita ya ga agogo ya yi gaba, ya mayar da shi baya da hannu. Agogon allo ya yi daidai, amma lissafin GMT na ciki ya karkace da awa guda har zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Na taɓa kwana ina neman dalilin da ya sa manhajar daidaita diski take son sake kwafar bidiyoyi ɗari huɗu da ban taɓa ba, ashe wannan ne: katin FAT32 agogon gari yake ajiyewa, da yankin ya motsa sai duk fayilolin suka zama kamar sababbi. Yaronki ya duba wannan tun kafin ya buɗe ExifTool. A Windows a zaɓi yankin Afirka ta Tsakiya ta Yamma, a waya kuma Duwala, Njamena ko Legas, duk ɗaya ne.

To kyamarar da agogonta ya ɓata baki ɗaya fa? Nan ne aikin yake da daɗi, domin agogon da ya ɓata ma yana tafiya daidai, tushensa ne kawai ya goce. Idan aka gano ainihin ranar bidiyo ɗaya, an gano ta sauran. Wani ya taɓa kawo mini kati cike da bidiyoyi masu cewa Janairun 2015, yana rantsuwa bai mallaki kyamarar ba a lokacin. Muna dubawa sai ga filin wasa na Roumdé Adjia, jama'a maƙil, ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a gasar cin kofin Afirka. Wannan wasa 11 ga Janairu 2022 aka yi shi, duk Garwa ta sani. Kyamarar ta ce 3 ga Janairu 2015. Bambanci shekara bakwai da kwana takwas, sai layi ɗaya:

exiftool "-AllDates+=7:0:8 0:0:0" -ext mp4 Kati

Duk bidiyoyin katin suka koma mazauninsu, har da na sunan 'yarsa da ya kasa tuna ranarsa. A naki kayan ki nemi irin wannan madogara: kalandar da ta fito a bango, katin gayyata da aka nuna wa kyamara, ranar Arfa, hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo. Sharaɗin kawai kada batirin ya sake mutuwa a tsakani, in ya mutu sai a raba katin gida biyu, kowane da nasa lissafin. Wanda aka rasa madogararsa, a sa shekara da watan da aka fi zato, a rubuta "kimanin" a sunan. Ya fi a ƙirƙiro rana a bar jikoki su ɗauka gaskiya ce.

Idan ranakun ciki sun daidaita, sai a zo ga abin da na fi ba muhimmanci a duk wannan amsa: a fito da ranar zuwa jikin buhu. Takardar ciki tana iya zubewa, rubutun tasha yana canjawa, littafin dillali ba ya tafiya, amma sunan fayil yana bin fayil ta kebul, ta kati, ta filas ɗin da muke ce wa kile. Tsarin da nake bi shi ne shekara, wata, rana, sannan bayani: 2019-06-08 Auren Yaya a Marwa 01.mp4. Shekara a gaba, wata da rana da lamba biyu-biyu, ta haka ko dikodar da ba ta san komai ba sai jera sunaye bi da bi za ta jera su bisa tarihi. Mun saba da rubuta rana kafin wata kamar yadda aka koya mana a makaranta, amma a nan zai tara duk ranakun takwas ga wata na shekara goma wuri ɗaya. ExifTool tana iya sa ranar da kanta:

exiftool -api QuickTimeUTC -d "%Y-%m-%d_%H%M%S%%-c.%%e" "-TestName<CreateDate" Bukukuwa

TestName gwaji ne, yana nuna abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba. In an gamsu sai a mayar da shi FileName, a ƙara bayanin da hannu daga baya. Daga nan a gyara rubutun tashar ma da "-FileModifyDate<CreateDate", don wayoyin da shi suke dubawa. Tsofaffin AVI, da MTS na kyamarorin hannu, da DAT da aka kwaso daga faifan VCD, tunda ba a iya rubutu a cikinsu da wannan manhaja, suna ne kaɗai gatansu.

Wani abu da yake mini zafi amma dole in faɗa: a sunan fayil na daina sa ɗ da ƙ da ɓ, haka ma é na Faransanci. Kwamfuta da waya suna nuna su lafiya lau, amma talabijin masu araha da dikoda sai su fito da akwati ko alamar tambaya. Ina ajiye cikakken rubutun Hausa a bayanin ciki ko a fayil ɗin NFO, ƙaramin fayil na rubutu da zan yi bayaninsa a gaba. Fassarar ƙasan allo kuma, wato SRT, sunanta ya zama daidai da na fim ɗin harafi da harafi, a ajiye ta da tsarin UTF-8, in ba haka ba Larabci da Faransanci su rikiɗe su koma tarkacen alamomi.

Fina-finai nasu tsarin daban. Kodi da Jellyfin da Plex suna ɗaukar sunan fayil su je rumbun TMDB su nemo hoto da labari, kuma sun fi ganewa idan an rubuta sunan fim da shekararsa a baka, mai dogon zango kuma da S01E05, wato zango na ɗaya kashi na biyar. Na Indiya da na Amurka za a same su. Na Kannywood da yawa babu su a can, manhajar kuma ba ta cewa ban sani ba, sai ta liƙa hoton duk fim ɗin da sunansa ya yi kusa. Na ga bidiyon auren mutane da aka sa wa suna da Faransanci ya tashi da hoton wasu Turawa a bakin teku, uwar amarya ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Saboda haka bidiyon iyali ya zauna a foldarsa, a gaya wa manhaja na gida ne kada ta nemo masa komai. Ga fina-finan Hausa kuma a yi ƙaramin fayil na rubutu mai suna ɗaya da fim ɗin, ƙarshensa .nfo, a sa take da shekara da taƙaitaccen labari, a ajiye hoto kusa da shi mai ƙarewa da -poster.jpg. Kodi da Jellyfin duk suna karanta su. Amfaninsu shi ne littafin dillali ya dawo gefen buhu, yana tafiya da shi. Wanda ya riga ya yi gyara a cikin Kodi, akwai wurin fitar da kundin zuwa fayil-fayil, zai rubuta NFO ɗin da kansa. Gyaran kwanan wata a cikin Google Photos kuwa a can yake tsayawa, ba ya shiga fayil ɗin da ke wayarki.

Saura daidaita na'urori. Ki zaɓi wuri ɗaya ya zama uwa, a ce diskin da ke jikin kwamfuta. Duk gyara a can ake yi, daga can ake zuba wa sauran, ruwa ya riƙa gangarowa ta hanya ɗaya. FreeFileSync tana da tsarin madubi da yake mayar da diski na biyu daidai da na farko. A kula, madubi har gogewa yake kwaikwaya: abin da aka goge a uwa bisa kuskure zai ɓace a ɗayan, don haka a duba jerin abin da za ta yi kafin a danna, kuma a samu diski na uku da ba a jona shi kullum, a ajiye shi nesa da zafin Afrilu da ƙurar hunturu. Ban ba da shawarar daidaitawa ta fuska biyu tsakanin wayoyi da kwamfuta ga gida mai yara ba, yaro ɗaya ya goge don ya samu wurin sa wasa, an yi asara a ko'ina. A gama duk gyaran ciki kafin a fara kwafa, domin canja harafi ɗaya a cikin fayil mai gigabayit uku yana sa a sake kwafarsa gaba ɗaya. Kuma kile mai FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit huɗu, exFAT yana karɓa, sai dai wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta shi, a gwada da fayil ɗaya tukuna.

In akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba a amfani da ita, da na'urar wayfay a gidan, Jellyfin ce za ta raba ki da kwafe-kwafe. Kyauta ce, ta ɓalle daga wata manhaja mai suna Emby a ƙarshen 2018. Ana sa ta a kwamfutar, wayoyi da talabijin su riƙa kallo daga can ta wayfay ɗin gida ba tare da cin data ba, kowa da nasa shiga, kuma tana tuna inda kika tsaya a fim ko da kin koma wata na'urar. Rauninta ɗaya a wajenmu: in babu wuta babu kallo, sai da batiri ko sola a bayanta.

Bayan an gyara, idan waya ko talabijin ta ci gaba da nuna tsohon abu, kundinta ne bai sabunta ba. A cire katin a mayar, ko a share ma'ajiyar wucin gadi ta manhajar hotuna, a Kodi kuma a tsabtace kundi a sake dubawa. Yaron ya fara da folda ɗaya ƙarama, kwafinta ba ainihin ba, a ce ta aikin Hajjin Alhaji tunda ranakunta sanannu ne. Ya gyara, ya kai ta talabijin da waya, ki zauna ki duba da idonki. In jerin ya tashi daga filin jirgi zuwa Madina zuwa Arfa zuwa ranar dawowa yadda aka yi tafiyar, sai ya kama bukukuwan, daga na bana ya yi baya, domin na kusa ne ake iya tuna ranarsu ba sai an buga waya an tambayi dangi ba.